Sabuwar ƙwaƙwalwar na'ura: gudu muke nema ko ƙarancin cin wuta?

A cikin kowace na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ma'aikata suke kira ordinatar, akwai wani ɗan faranti da bai kai faɗin akwatin ashana ba. Shi ne yake yin lissafin duka. Sauran kayan, allo da madannai da akwati, bayinsa ne. Kamfanoni biyu na ƙasar Amurka, Intel da AMD, su suke riƙe da kasuwar wannan faranti, kuma dukansu sun ambata shekarar 2026 domin fito da sabon zubi: na Intel sunansa Nova Lake, na AMD kuwa Zen 6. Tun kafin a gan su aka cika duniya da jita-jita. Wasu sun ce babbar ta Intel za ta ɗauki sassa masu lissafi har 52. Kowane sashe kamar mutum guda ne a gayya: in sun yi yawa, gona ta ƙare da wuri, amma tuwon da za a ba su ma ya ƙaru.

Wannan tuwon, wato wutar lantarki, shi ya kamata ma'aikatanmu na Agye da Gazawa da Gidan Runji su duba kafin komi.

Mu ɗauki abin da ya riga ya tabbata. A watan Oktoba 2024 Intel ya fito da Core Ultra 9 285K a kan dalar Amurka 589. In aka matsa mata da aiki, tana iya shan wat 250, daidai da ƙwan fitila 25 masu wat 10 a kunne lokaci guda. A watan Ogusta na shekarar AMD ya kawo Ryzen 7 9700X, mai wat 65, a kan dala 359. Akwai kuma wata ƙarama ta Intel mai suna N100, ta shekarar 2023, wadda wat 6 suke isarta. Ba ta da gudun waɗancan, amma tana rubuta wasiƙa, ta jera sunaye, ta tara kuɗin haraji ba tare da gajiya ba.

Dala 589 ta haura jaka 300 na sefa, kusan albashin wata 8 ke nan ga mai karɓar mafi ƙanƙantar albashi, wanda aka kai sefa 42.000 a shekarar 2024. Kuma farantin kaɗai ke nan. Sau da yawa sabon zubi na Intel ba ya zama bisa tsohon mazauni, sai an sake babban allon da ke cikin akwati. Ga shi kuma tun ƙarshen 2025 kuɗin ma'ajiyar tuni ya yi tashin gwauron zabo, saboda manyan kamfanonin basirar na'ura suna kwashe ta. Wanda ya ce sabon zubi zai zo da araha, to fata yake yi.

Mutanen Gazawa sun fi kowa sanin inda wutarmu take fitowa. Layin da ya taso daga Katsina a garinsu yake sauka, daga nan a raba wa Maraɗi da Damagaram. A farkon Ogusta 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ba ta maido ba sai Maris 2024. A watannin nan, ofishin da na'urarsa take da haɗama sai ya jira injin mai. Wanda tasa take da ƙanƙan da ciki kuwa, faranti guda na hasken rana da batir sun riƙe shi har la'asar. Magidancin da ya baro ƙauye da asuba a kan amalanke domin takardar haihuwar ɗansa ba ruwansa da sassa 52. Abin da yake so shi ne kada a ce masa: "Malam, babu wuta, ka komo gobe."

Bayan haka akwai zafi. Duk wutar da ƙwaƙwalwa ta sha, zafi take zama. Waɗanda suke gwada waɗannan kaya suna yi ne a ɗaki mai sanyi, mu kuwa a watan Afrilu ma'aunin zafi yana wuce 40, ga ƙurar hunturu da take toshe fanka. In ƙwaƙwalwa ta ji zafi ya yi yawa, da kanta take rage gudu domin kada ta ƙone. Ke nan an biya kuɗin doki, an tashi da tafiyar jaki. Ko a ƙasashen sanyi ma an ga illar matsa wa faranti: a 2024 Intel ya amsa cewa wasu daga zubinsa na 13 da na 14 suna lalacewa saboda ƙarfin wuta ya yi musu yawa, har ya ƙara shekara 2 bisa wa'adin lamuni.

Ba cewa muke yi a zauna da tsofaffi ba. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba, kuma Windows 11 ba ta amincewa da yawancin ƙwaƙwalen Intel da suka girmi zubi na 8. Na'urori na hannu da ake kawowa kasuwar Maraɗi, da dama daga cikinsu tsofaffin zubi ne, fenti ne kawai sabo. Mai saye ya buɗe ya karanta lambar, kada ya tsaya ga kyan akwati.

A ganinmu, amfanin sabon zubi ga jaharmu zai zo ne ta bayan gida: in ya fito, na jiya yakan sauko, kuma dabarun rage cin wuta sukan gangaro har ga ƙanana. Saboda haka shugaban ma'aikata da zai sa hannu bisa takardar odar kaya, ya sa a rubuta masa zubi na nawa ne, da wat nawa na'urar take sha, da awa nawa batir zai riƙe ta in wuta ta ɗauke. Ɗan kasuwar da ya kasa cika waɗannan layuka, a maida masa takardarsa.