Inabi a Ƙasar Zafi: Yadda Almakashi Ya Maye Gurbin Sanyi

Duk wanda ya ratsa ta Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha, a kudancin Kogin Kaduna, ba zai rasa ganin inabi a teburin masu sayar da kayan marmari ba. Mafi yawansa baƙo ne, daga ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Masar. Amma da rani akan tarar da wanda aka noma a cikin Jihar Kaduna, musamman a Ƙaramar Hukumar Kudan da ke arewa da Zariya. Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya tsiron da ya saba da ƙanƙara ya yarda ya haihu a ƙasarmu?

Asalin kurangar inabi daga yankin tsaunukan Kokasas ne da yammacin Asiya, inda aka fara nomanta shekaru dubbai da suka wuce. A can, idan sanyi ya shigo takan kaɗe ganyenta ta yi barci na watanni. Wannan sanyi shi ke shirya idanun da ke jikin rassa, ta yadda da zarar ɗumi ya dawo sai su yi toho a tare. A Kaduna babu sanyin da ya isa ya sa ta barci. Idan aka ƙyale ta, sai ta yi ta yaɗo, ganye birjik, 'ya'ya kuwa sai ɗai-ɗai.

Dabarar da manoman ƙasashen zafi suka gano ita ce su yi wa kurangar sanyin ƙarya da almakashi. A Nashik ta ƙasar Indiya ana datse rassa sau biyu a shekara: a watan Afrilu don kuranga ta fitar da sababbin rassa ta tara abinci, sa'an nan a Oktoba don ta yi fure. Daga datsa zuwa nuna akan ɗauki kimanin wata huɗu. To, mai karatu ya ɗora wannan lissafi a kan yanayinmu. Damina takan ɗauke a Oktoba. Wanda ya datse a lokacin, 'ya'yansa za su girma cikin hunturu, su nuna wajen Fabrairu, kafin bazara ta kankama. Ashe ke nan hunturun da muke kuka da ƙurarsa shi ne jarin mai noman inabi.

Amfanin hunturu iri biyu ne. Na farko bushewar iska, domin babbar abokiyar gabar inabi ita ce fumfunar da ke cin ganye da 'ya'ya idan akwai laima. Na biyu, wanda ya fi ban sha'awa, sanyin dare. Da rana ganye yakan haɗa sukari da taimakon hasken rana. Da dare kuma tsiro yakan ƙona wani ɓangare na abin da ya tara wajen numfashi, kuma gwargwadon ɗumin dare gwargwadon ƙonewar. A dararen Disamba da Janairu, lokacin da ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15, kaɗan ake ƙonawa. Ɗan tsamin da ke ba inabi armashi yakan tsaya, jan launin fatarsa kuma ya fito sosai. Idan dare ya yi ɗumi, sai a sami inabi mai zaƙi salam, fatarsa a koɗe.

A nan ne ɗumamar duniya ta shigo cikin zancen. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta bayyana cewa zafin shekarar 2024 ya ɗara na zamanin da ya gabaci masana'antu da kimanin digiri 1.55. Inabi kuwa tun tuni ya ba da shaida. A garin Beaune na Faransa akwai rubutaccen tarihin ranakun girbi tun daga 1354, kuma binciken da aka buga a 2019 ya nuna cewa daga 1988 girbin ya matso gaba da kwana 13 a kan yadda aka saba. A yankin Bodo, inda galibin inabin giya ake yi da shi, kuma doka ce ke ƙayyade irin da za a shuka, sai da hukuma ta amince da ƙarin iri shida a 2021, ciki har da guda biyu daga Fotugal mai zafi. Manomin Turai yana iya hawa tudu ko ya matsa arewa neman sanyi. Namu manomin 'yan makonnin hunturu kawai gare shi. Idan suka taƙaita, nunar inabinsa ta faɗa cikin zafin Maris.

Shin ana iya wannan noma ba tare da sinadaran zamani ba? Ta fuskar taki abin da sauƙi. Takin gargajiya da lulluɓe gindin kuranga da ciyawa suna riƙe laima, suna kuma sanyaya saiwa, abin da ake nema ke nan a lokacin zafi. Barin ganye ya yi wa nonon inabi inuwa a kan rumfa yana hana rana ƙona shi. Wahalar tana wurare biyu. Manoma da yawa a ƙasashen zafi sukan shafa wa idanun rassa wani sinadari mai ƙarfi bayan datsa don su yi toho a tare, kuma ƙa'idar noma marar sinadari ba ta yarda da shi ba. Masana a Burazil sun gwada ruwan tafarnuwa a madadinsa. Sai kuma fumfuna. Tsohon maganinta, haɗin gishirin tagulla da farar ƙasa da Millardet ya bayyana a 1885, an yarda da shi, amma tagulla takan taru a ƙasa ta cutar da tana, shi ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa kilo 28 a kowace hekta cikin shekara bakwai. A ganina, a nan mun fi Turawa sa'a, muddin manomi ya daidaita datsarsa da ɗaukewar ruwa.

Saura batun iri. Inabin da ake nomawa a nan daga waje aka kawo shi, amma danginsa suna nan a dazuzzukanmu. Dafara, wadda magina da marina suka daɗe suna amfani da yauƙinta wajen haɗa laso, 'yar gidan inabi ce. Haka ma rogon daji. Faru kuwa, duk da kamar da 'ya'yansa suka yi da inabi, ɗan'uwan mangwaro ne. Darajar dangi na daji ba ƙarama ba ce. Lokacin da wani ƙwaro mai cin saiwa ya kusa ƙarar da gonakin Faransa daga shekarun 1860, ba magani ne ya cece su ba, aure aka yi wa inabinsu a kan saiwar inabin dajin Amurka, kamar yadda muke wa mangwaro. Dangantakar dafara da inabi ta yi nisa, aurensu da wuya, amma yadda take jure fari da zafi abin nazari ne ga cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru.

Makarantar da ke da ɗan fili da rijiya tana iya ba da nata taimako. A dasa kuranga huɗu, a datse biyu a tsakiyar Oktoba, biyu a ƙarshen Nuwamba, ɗalibai su riƙa rubuta zafin asuba kullum, da ranar toho, da ranar da launi ya fara juyawa. Littafin Beaune ma da rubuta rana ɗaya aka fara shi.