Kwana Uku A Kan Ubangi: Daga Bangui Zuwa Betou, Ni Da Uwargida

Mu mutanen Kilomita Biyar muna zaune kusa da ɗaya daga cikin manyan kogunan Afirka, amma da yawanmu ba mu san shi ba sai a bakin masu sayar da kifi. Hankalinmu kullum yana kan hanyar mota ta Garoua-Boulaï da Duwala, inda kayan kasuwarmu suke fitowa. Ni kaina na yi shekaru ina zana wa yara Ubangi a allo da alli, amma ban taɓa kwana a kansa ba sai a babban hutu na 2025.

Ba yawon shan iska ya fitar da mu ba. Surukata tana cikin waɗanda suka gudu daga Mongoumba a farkon 2014, lokacin da tashin hankali ya kori Musulmin yankin Lobaye. Wasu sun haye Kwango Kinshasa, zuwa sansanin Boyabu kusa da Libenge, wasu kuma, har da ita, suka gangara Betou a Kwango Brazabil. Shekara goma sha ɗaya uwargida ba ta sa mahaifiyarta a ido ba, sai murya a waya. Da labari ya zo cewa ƙafa ta fara gagarar tsohuwa, sai ta ce mini, "Malam, ko ka kai ni ko ka ba ni izini." To, mai karatu, me ya rage?

Muka zaɓi watan Agusta, don lokacin ruwa ya taso. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga wajen Fabrairu zuwa Mayu kogin yakan janye, rairayi da duwatsu su fito, manyan jiragen da ke kawo mai da siminti daga Kinshasa da Brazabil su daina isowa. Mu dai namu ba babban jirgi ba ne. Balenyar ce, wato dogon kwale-kwalen katako mai rumfa, da inji a bayansa.

An ce mu zo da asuba. Muka zo da asuba. Ba a tashi ba sai bayan azahar, ana ta lodin gishiri, sabulu, kwanon rufi, babura biyu da jarkokin mai. Ina zaune ina kallon yadda bakin jirgin yake ƙara kusantar ruwa, gabana yana faɗuwa, don ban manta da 19 ga Afrilu 2024 ba, ranar da wata balenyar ta kife a kogin Mpoko, nan bayan gari, da mutane fiye da 300 masu zuwa jana'iza, aka rasa aƙalla 58. Tun kafin tafiya na sayi rigunan ruwa biyu a kasuwa. Cikin jirgin nan kaf mu kaɗai muke da su, har wasu samari suna yi mini dariya suna cewa malamin lekol ya zo da kayan makaranta. Na bar su. Da muka zo wucewa ta bakin Mpoko, inda yake zuba cikin Ubangi, dariyar ta ɗauke da kanta.

Da gari ya ɓace a bayanmu sai daji ya rufe gaɓa biyu. Dama ƙasarmu, hagu Kwango Kinshasa. Matuƙi ba ya bin tsakiya kamar yadda na zata. Yakan karkata nan ya karkata can, wani yaro a goshin jirgi yana caka doguwar gora cikin ruwa yana yi masa ishara da hannu. A kowane ƙauye mata da yara sukan taso da ƙananan kwale-kwale, su manne da jikin namu yana tafiya, a yi ciniki: mangbele naɗe a ganye, ayaba, kifi banda, da naman daji wanda mu muka kau da kai daga gare shi. Uwargida ta yo guzurin dambun nama da ƙuli-ƙuli, muka haɗa da giwan ruwa gasasshe.

Duk cinikin da Sango ake yin sa, har da mutanen ɗaya gaɓar. Ba abin mamaki ba ne, don a kan kogin nan harshen ya girma, daga bakin Ngbandi masu tuƙi da fatauci, kamar yadda Hausa ta bi sawun ayarin goro har Gwanja. Na ga ya kamata in faɗa wa yaranmu masu jin kunyar ɗaya daga cikin harsunan biyu cewa sana'a ɗaya ce ta yaɗa su.

Salla kuwa sai da dabara. Alƙibla tana arewa maso gabas, jirgi kuma yana juyawa da kogi. Mu biyar ne Musulmi a ciki. Muka yi ƙasaru muka haɗa, a zaune, bisa buhunan gishiri. Wata mata mai gicciye a wuya ita ta janye kwandonta ta ba uwargida wuri, ba tare da an roƙe ta ba.

Daf da magariba farfela ta kama wata tsohuwar koma, inji ya mutu, ruwa ya ɗauke mu a karkace. Wani yaron jirgi ya faɗa da wuƙa a baki ya yanke ta. Saboda wannan jinkiri cikin duhu muka isa Zinga, muka kwana a kan tabarma a rumfar wani mai shago, sauro yana ta aikinsa.

Zinga ƙaramin gari ne, amma malamin makaranta ba ya wuce shi haka nan. A nan akwai shimfiɗar duwatsu a ƙarƙashin ruwa wadda a da take tare jirage da rani. Don haka Turawan Faransa suka shimfiɗa 'yar hanyar jirgin ƙasa, kilomita bakwai da 'yan kai, tsakanin Zinga da Mongo, wadda ta yi aiki daga wajen 1930 zuwa wajen 1960: a sauke kaya a wannan gefe, a ɗora a wancan. Da aka fasa duwatsun sai aka yi watsi da ita. Ragowar ƙarafan suna nan, tsatsa da ciyawa sun cinye. Kafin nan ma, a 1911, Faransa ta miƙa wa Jamus wannan yanki don Kamaru ta sami ƙofa a kan Ubangi, ta kuma ƙwace abinta a Agustan 1914. Da safe na ja uwargida in nuna mata. Ta duba sau ɗaya ta ce, "Malam, jirgi zai tafi ya bar mu a kan tarihi."

Daga nan zuwa Mongoumba ba nisa, ana wuce inda Lobaye take shigowa. Amma a nan muka yi kwana na biyu, don sai an duba takardu kafin a fita ƙasa. Shawarata ga mai niyyar tafiya: ya riƙe katin shaida da takardar izinin wucewa da katin allurar shawara a leda, a jikinsa, ba cikin jaka ba. Ya kuma tanadi canji, don a wani wuri a hanya, ba zan faɗi ko ina ba, an karɓi kuɗinmu ba a ba mu rasit ba, kuma an daɗe ana jujjuya katina saboda sunan da ke kai.

Da la'asar uwargida ta ce in raka ta unguwarsu. Ta gane wurin ne da bishiyar mangwaro. Ɗakunan babu, rogo aka shuka. Muna tsaye sai ga wata tsohuwa 'yar Ngbaka ta fito daga gidan da ke kusa, ta ƙura mata ido, ta kira ta da sunan da ake kiranta tana yarinya. Suka rungume juna suna kuka. Tsohuwar ta shiga ɗaki ta fito da wata tukunyar ƙarfe mai murfi, ta ce ta Inna ce, ita ta tsame ta ranar da aka watse, tana ajiye da ita tun lokacin. Ta ce a kai mata, a kuma ce tana gaishe ta.

Rana ta uku muka tsallaka iyaka, muka isa Betou da azahar, garin katako, inda har yanzu akwai mutanenmu da yawa, wasu da shaguna, wasu da 'ya'yan da ba su taɓa ganin Bangui ba. Wani ɗan acaba ya ji muna Hausa ya kai mu har ƙofa.

Inna tana zaune a tabarma da carbi. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Malam, ka sha hanya, Allah ya yi albarka," amma idonta yana kan 'yarta, sannan ya sauka kan tukunyar. Ta jawo ta, ta buɗe murfin, ta shafa gindinta inda aka taɓa yi mata faci. Ta tambaya ko maƙwabciyar tana da rai, aka ce tana nan. Na kawo maganar da muka shirya tun daga gida, cewa mun gyara mata ɗaki a Kilomita Biyar, ta biyo mu kafin ruwa ya janye. Ta yi shiru. Can ta ce a bari tukuna a ɗora tuwo, kuma a cikin wannan tukunyar za a yi shi.