Rundunonin musamman na binciken rashawa: yadda suke aiki da abin da ke karya su

A watan Agustan 2010 wata babbar kotu a birnin Johannesburg ta yanke wa Jackie Selebi, tsohon shugaban 'yan sandan Afirka ta Kudu, hukuncin ɗaurin shekaru 15 a gidan yari, bayan ta same shi da laifin karɓar kuɗi daga hannun wani mai fataucin miyagun ƙwayoyi, Glenn Agliotti.

Mista Selebi dai ya taɓa riƙe shugabancin hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol daga 2004 zuwa 2008.

To sai dai a lokacin da alƙali ke karanta hukuncin, rundunar da ta bankaɗo laifin nasa, wadda aka fi sani da Scorpions, wato Kunamai, ta riga ta zama tarihi, domin kuwa gwamnati ta rusa ta tun a shekarar 2009.

Abin da ya faru da wannan runduna ya nuna irin tasirin da ƙwararrun masu bincike ke iya yi a kan masu sama da faɗi da dukiyar jama'a, ya kuma nuna inda rauninsu yake.

Me ya sa ake buƙatar runduna ta daban?

Laifin cin hanci ya bambanta da sata ko fashi. Idan aka yi wa mutum fashi, shi da kansa zai garzaya caji ofis ya kai ƙara. Amma a harkar rashawa, mai bayarwa da mai karɓa duk sun amfana, kuma babu wanda zai so maganar ta fito. Wanda aka cuta shi ne talakan da bai samu magani a asibiti ba, kuma galibi bai san wanda ya cuce shi ba.

Haka nan shaidar laifin tana ɓoye ne a cikin takardun kwangila, da asusun bankuna, da kamfanonin bogi da ake yi wa rajista da sunan 'yan uwa ko barori. Bin sawun irin waɗannan kuɗaɗe yana buƙatar akantoci, da lauyoyi, da masana kwamfuta, kuma bincike guda kan ɗauki shekaru.

Akwai kuma matsalar girman wanda ake zargi. Ɗan sandan da ƙarin girmansa da canjin wurin aikinsa ke hannun minista, da wuya ya buɗe fayil a kan wannan ministan.

Saboda haka ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci, wadda aka amince da ita a 2003 ta kuma fara aiki a Disambar 2005, ta buƙaci kowace ƙasa ta tanadi hukuma ko jami'ai na musamman domin wannan aiki, tare da ba su 'yancin gudanar da shi ba da tsoma bakin kowa ba.

Misalin Hong Kong

Tun kafin wannan yarjejeniya Hong Kong ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka bar 'yan sanda su binciki kansu. Har farkon shekarun 1970, sashen yaƙi da cin hanci na yankin yana cikin rundunar 'yan sanda ne, alhali rashawa ta yi katutu a rundunar kanta.

A 1973 wani babban jami'in 'yan sanda Bature, Peter Godber, ya sulale zuwa Birtaniya a daidai lokacin da ake bincikensa kan dukiyar da ta ninka albashinsa nesa ba kusa ba. Fushin jama'a ya sa aka kafa hukumar ICAC mai zaman kanta a 1974, wadda a lokacin take ƙarƙashin gwamna kai tsaye. An dawo da Godber a 1975 aka ɗaure shi shekaru huɗu.

Ko a can ma abin bai zo da sauƙi ba. A 1977 wasu 'yan sanda sun kai farmaki ofishin hukumar, lamarin da ya tilasta wa gwamna yin afuwa kan akasarin laifukan da aka aikata kafin wannan shekara.

Yadda Scorpions ta yi aiki

Shugaba Thabo Mbeki ne ya ba da sanarwar kafa Scorpions a 1999, kuma dokar da ta ba ta cikakken iko ta fara aiki a Janairun 2001. An ajiye ta ne a ƙarƙashin hukumar gabatar da ƙararraki ta ƙasa, a wajen rundunar 'yan sanda, ko da yake jami'anta suna da ikon bincike da kame.

Tsarin aikinta ya tsaya a kan ƙafafu uku: masu tattara bayanan sirri, da masu bincike, da lauyoyi masu gabatar da ƙara, dukkansu a tawaga guda tun daga ranar da aka buɗe fayil. Amfanin haka shi ne lauya yana nuna wa mai bincike irin shaidar da kotu za ta karɓa tun kafin a kama kowa, maimakon a kai masa fayil mai cike da giɓi bayan an gama.

Babban aikin da ya fito da sunan rundunar shi ne binciken cinikin makamai na biliyoyin rand da gwamnati ta ƙulla a 1999. A sanadiyyarsa aka samu Tony Yengeni, tsohon babban mai tsawatarwa na jam'iyyar ANC a majalisar dokoki, da laifin zamba a 2003, saboda ɓoye rangwamen da wani kamfani ya yi masa a kan motar Marsandi.

A watan Yunin 2005 kuma aka ɗaure Schabir Shaik, mai ba mataimakin shugaban ƙasa Jacob Zuma shawara kan harkokin kuɗi, shekaru 15. Kwanaki kaɗan bayan hukuncin Shugaba Mbeki ya sauke Mista Zuma daga muƙaminsa, kuma a watan Agusta jami'an rundunar suka kai samame gidansa.

Rundunar ta kuma gurfanar da 'yan majalisa da dama kan almundahana da takardun alawus na tafiye-tafiye.

Zargin son kai da rusawa

Waɗannan nasarori sun tara mata abokan gaba. Magoya bayan Mista Zuma sun zarge ta da zama makami a hannun ɓangaren Mbeki a rikicin shugabancin ANC, wasu kuma sun soki yadda take kai samame a gaban 'yan jarida. Tsakaninta da 'yan sanda ma akwai tsamin dangantaka kan hurumin aiki.

Wani kwamitin bincike da aka kafa a 2005 ƙarƙashin mai shari'a Sisi Khampepe ya ba da shawarar a bar rundunar inda take, a dai gyara yadda ake sa ido a kanta. Amma a Satumban 2007 Shugaba Mbeki ya dakatar da babban mai gabatar da ƙara, Vusi Pikoli, jim kaɗan bayan an samu sammacin kama Mista Selebi.

A babban taron ANC na Polokwane a Disambar 2007, inda Mista Zuma ya kayar da Mbeki, wakilai suka zartar da ƙudurin rusa rundunar. Majalisa ta amince a Oktoban 2008, sannan a Yulin 2009 aka ƙaddamar da wata sabuwa mai suna Hawks, wato Shahuna, a cikin rundunar 'yan sanda.

Zargin son kai bai rasa madogara ba. An samu faifan hirarrakin wayar tarho da aka naɗa a asirce, inda aka ji shugaban Scorpions, Leonard McCarthy, yana tattauna lokacin da ya fi dacewa a tuhumi Mista Zuma. Da wannan hujja aka janye tuhumar a Afrilun 2009, ko da yake daga baya kotu ta ce janyewar ba ta bisa hankali, aka kuma dawo da tuhumar a 2018.

A nata ɓangaren, kotun tsarin mulki ta yanke hukunci a Maris ɗin 2011, a ƙarar da wani ɗan kasuwa Hugh Glenister ya shigar, cewa dokar da ta kafa Hawks ba ta kare ta daga katsalandan ɗin 'yan siyasa ba. Kotun ta dubi yadda ake iya sallamar jami'anta, da kuma ikon da aka bai wa wani kwamitin ministoci a kan manufofinta.

Inda labarin ya shafi Najeriya

Najeriya ta bi hanya mai kama da wannan a kusan lokaci guda. An kafa hukumar ICPC a shekarar 2000, sannan EFCC ta fara aiki a 2003, a lokacin da ƙasar ke cikin jerin ƙasashen da ƙungiyar FATF ta ce ba sa ba da haɗin kai wajen yaƙi da halatta kuɗin haram.

EFCC hukuma ce mai zaman kanta a doka, amma da 'yan sandan da aka aro aka gina ta, kuma shugabanninta huɗu na farko, Nuhu Ribadu, da Farida Waziri, da Ibrahim Lamorde, da Ibrahim Magu, duk daga aikin ɗan sanda suka fito.

Kamar Scorpions, ita ma ta taɓa kama shugaban 'yan sanda. Tafa Balogun ya sauka daga muƙamin sufeto janar a Janairun 2005, ya kuma amsa laifi a watan Nuwamba, aka ɗaure shi wata shida tare da ƙwace kadarori masu yawa. Kamar Scorpions kuma, an zarge ta da zaɓen waɗanda take bi, musamman gabanin zaɓen 2007.

A Disambar 2007 hukumar ta kama tsohon gwamnan jihar Delta, James Ibori. Kafin ƙarshen watan aka sanar da tura Malam Ribadu kwas a cibiyar nazarin manufofi ta Kuru, abin da ya kawo ƙarshen shugabancinsa. A Disambar 2009 wata kotun tarayya a Asaba ta yi watsi da tuhume-tuhume 170 da ake yi wa Mista Ibori.

Wani ƙaramin sashe na 'yan sandan birnin Landan, mai bin sawun kuɗaɗen rashawa da ake shigarwa Birtaniya, shi ne ya kai maganar ƙarshe. An tiso ƙeyar Mista Ibori daga Dubai a 2011, ya amsa laifi, aka ɗaure shi shekaru 13 a Afrilun 2012. 'Yan sandan Landan ɗin ne kuma suka kama gwamnan Filato Joshua Dariye a 2004, da na Bayelsa Diepreye Alamieyeseigha a 2005, waɗanda dukkansu suka tsallake beli suka dawo gida.

Daga baya kotunan Najeriya sun same su da laifi, amma Shugaba Goodluck Jonathan ya yi wa Alamieyeseigha afuwa a 2013, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya yi wa Dariye a 2022.

Wa ke naɗawa, wa ke cirewa?

A duk waɗannan misalai, ƙwarewar masu bincike ba ta zama abin tababa ba. Abin da ya yanke makomar rundunonin shi ne wanda ke da ikon cire shugabansu, da wanda ke riƙe da kasafin kuɗinsu, da kuma ko kotuna za su kammala shari'a a kan lokaci.

A Najeriya dokokin biyu sun sha bamban a nan. Ba a cire shugaban ICPC sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar dattawa, amma shugaban ƙasa na iya sauke shugaban EFCC ba tare da komawa majalisa ba.

'Yancin kansa kuma yana buƙatar mai sa ido, kamar yadda faifan McCarthy ya nuna, domin rundunar da ke iya sauraron wayar mutane da rufe asusunsu tana iya zama abin tsoro idan babu kotu ko majalisa a kanta.

A Afirka ta Kudu, bayan kwamitin mai shari'a Raymond Zondo ya shafe shekarun 2018 zuwa 2022 yana bankaɗo yadda aka wawure kamfanonin gwamnati a zamanin mulkin Mista Zuma, ƙasar ta koma kan tsarin da ta rusa. A 2024 Shugaba Cyril Ramaphosa ya sa hannu a kan dokar da ta kafa sashen binciken rashawa na dindindin a cikin hukumar gabatar da ƙararraki, tare da bai wa jami'ansa ikon bincike da kame irin na 'yan sanda.