Kuɗin Shago da na Kasuwa: Ana Raba Nauyin Daidai?

'Yan'uwa manoma, da yawa daga cikin jam'iyyunmu na gama kai yanzu suna da ɗan shago, ko ɗakin ajiye taki, ko injin niƙa a bakin kasuwa. Kafin a gama shafe ginin, sai ga ma'aikacin Ƙaramar Hukuma da littafinsa. Duk inda na je yawon aiki sai an tambaye ni ko wannan kuɗi yana bisa doka.

Yana bisa doka. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa Ƙaramar Hukuma lura da kasuwanni, da mahauta, da tashoshin mota, da shaguna. Ya kuma ba ta ikon ƙimanta gine-ginen mutane domin a sa musu kuɗi, amma bisa abin da Majalisar Dokokin Jiha ta tsara. Ma'aikaci ba shi da ikon yanke kuɗi da ka. Dattawa sukan ce, ai an soke haraji tun tuni. Gaskiya ne a 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali, amma wancan kuɗin kai ne da na shanu. Na shago dabam yake.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen rabon nauyin. Mu ɗauki misali. A ce an yanka wa kowane shago naira 5,000 a shekara. Mai sayar da gishiri da ashana, wanda ribarsa ta shekara 50,000 ce, ya ba da naira 1 cikin kowace 10. Mai babban kantin siminti da ke cin ribar miliyan 1 ya ba da naira 1 cikin kowace 200. A takarda kuɗinsu ɗaya ne, amma ɗaya ya ji a jikinsa, ɗaya ko a kwalar rigarsa.

Mai kasa kaya a ƙasa ma ta fi su shan wuya. In tana yankan tikitin naira 100 kowace ran kasuwa, mako 52, ta biya 5,200 ke nan, fiye da mai shago, alhali ko inuwa ba ta da ita. Kuɗin gini kuwa, mai gini yakan ƙara shi a kan haya, ya koma wuyan ɗan haya. A ganina ya kamata a kasa shaguna aji-aji, a dubi girman wuri da irin cinikin da ake yi.

To, me jam'iyya za ta yi? Kada ku ƙi biya, kada kuma ku biya ba rasit. Ku nemi takardar da ta nuna sunan kuɗin da shekararsa, ma'aji ya adana ta tare da rasit mai hatimi. Dokar soja ta 1998 ta jera irin kuɗin da kowace gwamnati za ta karɓa, ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji. Ku tuna da wannan ran da aka gitta muku itace kuna ɗauke da masara.

In za ku kai kuka, ku je wurin kansilanku a jam'iyyance, da rasit ɗinku a hannu. Ku roƙa a riƙa karɓa da kaka, ba da damina ba lokacin da kuɗi ke gona. Ku kuma tambaya cikin ladabi, kuɗin bara wane aiki ya yi a kasuwa: rijiya, ko masai, ko magudanar ruwa?