Albasa Ma Tana Da Asali: Abin Da Kasuwar Illela Ke Koyarwa

Baƙon da ya shiga kasuwar Illela ranar Lahadi zai ɗauka albasa duk albasa ce. Dillalan wurin kuwa ba sa yanke ciniki sai sun duba launin ɓawo, sun matsa wuyan albasar sun ji ko ya bushe, sa'an nan su yanka su shinshina. Da na roƙi a koya mini, wani dattijo ya jera mini ta Galmi da ta Goronyo da ta Aliero, ya ce in ɗanɗana ɗaya-ɗaya, in kurkure baki a tsakani. Hawaye dai na zubar, amma kafin in tashi harshena ya soma rarrabewa.

Dalilin bambancin a ƙasa yake. Yajin albasa yana fitowa ne daga sinadarin farar wuta wanda saiwa ke tsotsowa, saboda haka iri ɗaya in an shuka shi a fadama biyu, ba lalle ɗanɗanonsa ya zo daidai ba; yawan ban-ruwa da zafin rana su ma suna da hannu. Faransawa suna kiran wannan haɗuwa ta ƙasa da yanayi da gwanintar manomi "terroir". Tun 1935 suka kafa hukumar da ke hana a sayar da giyar inabi da sunan yankin da ba can aka noma inabin ba. A Amurka ma, Jihar Jojiya ta yi wa albasar Vidalia doka a 1986, watau albasa mai zaƙi wadda ƙasarta ba ta da farar wuta da yawa.

To, maƙwabtanmu ba su yi barci ba. Galmi tana gabas da Birnin Ƙonni, garin da ke fuskantar Illela a tsallaken iyaka, kuma a 2021 ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde ta yi wa albasar Galmi rajistar asali, ita da kilishin Nijar. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya. Albasar Goronyo da ta Aliero, da zarar mota ta sauke su a Ikko ko Anaca, sunansu ya ɓace, sai dai a ce "albasar Arewa", a yi musu kuɗi ɗaya da kowace. A ganina wannan aiki ne da ke jiran ma'aikatun gona na Sakkwato da Kabi, da ɗaliban aikin gona na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda za su iya auna ƙasar kowace fadama su rubuta abin da harshen dillali ya daɗe da sani.