Amana a Cinikin Furfure Tsakanin Masassaƙan Ƙasar Bici

Furfure, watau abin da Bahaushe ke kira ba ni gishiri in ba ka manda, shi ne musayar kaya da kaya ba tare da kuɗi sun shiga tsakani ba. Da yawa sun ɗauka irin wannan ciniki ya kau tun zamanin wuri. Amma wanda ya zauna a ƙauyukan Bici a farkon shekarar 2023, sa'ad da aka sauya fasalin Naira har takardun kuɗi suka yi wuyar samu, ya ga yadda jama'a suka koma masa ba da wata wahala ba, domin dā ma bai mutu ba. Nufin wannan ɗan rubutu shi ne duba yadda amana ke riƙe da wannan musaya a sana'ar sassaƙa.

Da farko sai mai karatu ya lura da yanayin ƙasar. Bici tana cikin yankin nan na kewayen Kano inda gona ke haɗe da gona, ba wani daji a tsakani. Binciken Michael Mortimore a kan wannan yanki ya nuna cewa itatuwan da ke cikin gonaki suna da masu su, kuma ana tattalinsu. Saboda haka masassaƙi ba shi da inda zai shiga ya sari ice kyauta. In yana bukatar ƙirya don turmi, ko marke don ƙota, ko aduwa don allo, tilas ya nemi mai gona. Galibi sukan shirya a kan cewa a sare icen, masassaƙi ya fitar wa mai gona turmi ɗaya ko kujerar mata, sauran ya zama nasa. Haka kuma tsakaninsa da maƙeri: shi ya kai ƙotoci da guntayen ƙirya na yin gawayi, maƙeri kuwa ya ƙera masa gizago ko ya gyara masa bakin gatari.

Inda gizo ke saƙar shi ne, da wuya kayan biyu su haɗu a rana ɗaya. Ana sare ice da rani, turmi ya fito bayan makonni, damin geron da za a biya da shi kuwa sai kaka. A tsawon wannan lokaci ɗaya daga cikinsu ba ya riƙe da komai sai maganar ɗan'uwansa. Ba takarda, ba sa hannu. Shi ya sa malamanmu, bisa fiƙihun Malikiyya, suke matsawa a faɗi adadin abin da za a biya da kuma ajalinsa tun a wurin ƙulla ciniki.

Sai dai a ganina nauyin amanar bai zama ɗaya a kan su biyun ba. Manomi in ya rage dami, ido zai gani nan take, a yi ta ta ƙare. Ha'incin masassaƙi kuwa a cikin ice yake ɓoye. Ɗanyen ice ya fi daɗin sassaƙa, ga sauri, amma da hunturu ya busa sai ya tsage. Akushi ma, baƙin da ake yi masa yana iya rufe tsaga ko ramin ƙwaro. Na taɓa ganin haka a gidanmu: an ba wani masassaƙi dami biyu a kan turmin da za a sa cikin kayan ɗakin yayata, bai cika wata uku a gidan miji ba ya dare har gindi. Ba a kai shi ƙara ba. Abin da ya faru kawai shi ne matan unguwa suka ji, kuma a shekarar nan ba wanda ya sake kai masa aikin biki. Da kansa ya sassaƙo wani ya aiko da shi, ba a ko tambaye shi ba.

A nan ne za a gane cewa abin da ke tsare wannan ciniki shi ne sanayya da jin kunya. Sana'ar gado ce, don haka wanda ya ɓata aiki sunan gidansu ya ɓata, har 'ya'yansa su gāji zargin. Ba kuma a ƙauye kaɗai abin yake ba. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda fataucin shanu da goro ya dogara ga bashi, inda maigida ke tsaya wa baƙon da ya sauka a wurinsa. A ƙauye mai unguwa ko wani dattijo da aka yi maganar a gabansa shi ke maye gurbin maigidan.

Yanzu dai injin niƙa da kwanukan roba sun rage wa masassaƙa aiki, har wasunsu sun fi dogara ga kai kaya kasuwa irin ta Badume. A can baƙo ne ke sayen kayan baƙo, saboda haka ba furfure, ba jiran kaka. Mai saye yakan juya turmin, ya ƙwanƙwasa shi ya saurari ƙararsa, ya leƙa gindinsa, sannan ya ƙirga kuɗi.