Bindigar iska: don mi harsashi ke kauce wa wuri in ana iska?

Lokacin noman rani, wasu masu garka suna tsaron shukarsu da bindigar iska saboda gafiya da kusu da kurege. Wajen rangadi, wani ya kawo mini kuka. Ya ce ya saye mai dogon bututu da tsada, amma da hunturu ya taso sai harbinsa ya lalace. Na karɓa na duba. Tsawon nan da ya biya kuɗi dominsa ba shi ne ke kawo saiti ba.

Ku buɗe bindigar ku leƙa cikin bututu wajen haske, babu harsashi a ciki. Za ku ga ƴan layuka sun murɗe kamar igiya. Su ke sa harsashi ya fita yana juyawa. A bindigogi da yawa, juyi guda ne cikin santimetir 40 zuwa 45. Juyin nan shi ke taimakon harsashi ya tafi da kansa a gaba. In layukan sun cinye ko sun yi tsatsa, sai ya fita yana rawa, ya ba iska gefensa, gudunsa ya mutu da wuri. Harsashin da gudunsa ke saurin mutuwa kuwa, shi iska ta fi turawa.

Wuri na biyu shi ne bakin bututu. Wasu maƙera sukan matse shi kaɗan, don kowane harsashi ya fita da faɗi guda. Leɓen bakin kuma dole ya zama daidai ko'ina. In ya lotsa gefe guda, iskar da ke bayan harsashi za ta riga fita ta nan, ta karkatar da shi. Bindigar mutumin nan, nan ciwonta yake: kullum yana jingine ta baki a ƙasa, yana kuma goge ta da wayar ƙarfe.

Tsawo fa? A bindiga mai karyawa, harsashi yana samun yawancin gudunsa tun kafin ya kai ƙarshen bututu. Ƙarin tsawo ba ya ƙara saiti. Gudu mai yawa ma ba alheri ba ne. Ƙara tana tafiyar metir 340 a sakan guda, kuma harsashin dalma mai siririn ƙugu, in ya kusanci wannan gudu, sai ya rikice.

Amma kada a ruɗe ku a kasuwa: babu bututun da ke hana iska turi. Harsashi mai milimetir 4,5 nauyinsa wajen rabin garam ne, mai 5,5 wajen garam guda. Aikin bututu mai kyau shi ne ya sa iska ta tura su duka gwargwado guda, har mutum ya san inda zai riƙe. Harsashi mai nauyi, mai zagayayyen kai, ya fi mai faffaɗan kai jimirin iska. In kun ninka nisa sau 2, kaucewar takan kai wajen sau 4.

Ku gwada da kanku. Da sassafe, kafin iska ta taso, ku kafa takarda a jikin tudun ƙasa, nisan metir 10, ku harba 5. In sun taru wuri guda, bututu lafiya lau. Ku sake da hantsi, iska na busowa daga gefe, ku auna yatsa nawa suka matsa. Haka za ku riƙe nan gaba. In ƙura ta shiga, ku ja tsumma mai laushi da zare.

Dalma guba ce. Kada a riƙe harsashi a baki, kada a yi harbi cikin rumbu, kada a ba yara. Namun daji kuma dokar farauta ta 1998 tana tsaronsu, sai ku tambayi ma'aikacin gandun daji na wajenku kafin ku ɗana.